Kuɗin wuta ya tashi daga dala 120 zuwa dala 490: hitar ce ta lalace, ko haka abin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Bana iyalina suka iso daga Maraɗi, na kama mana gidan haya mai ɗaki uku. Babu gas a gidan, komai da lantarki yake aiki. A watan Oktoba dala 120 na biya, amma takardar Janairu ta zo da dala 490, an rubuta mun sha kilowat-awa 3,500. Muna barin tamostat, wato na'urar bango da ake saita zafin gida da ita, a kan digiri 76 a ma'aunin Farenhait (wajen 24 a Selsiyas) saboda yara ba su saba da sanyi ba. Mai gidan ya ce hitar lafiyarta ƙalau. Cutata ake yi, ko na'urar ce ta lalace? Wani ya ba ni shawara in kashe ta in sayi ƙananan hitoci na ɗaki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a zuwan iyali, ya raya yaran. Aikina ke nan a wannan jiha, girka na'urorin ɗumi da na sanyi da gyaransu, kuma duk shekara idan Janairu ta ƙare sai wani daga cikin mutanenmu ya kawo mini irin wannan takarda yana tambaya ko an yi masa kuskure. Daga alƙaluman da ka bayar, abin da ya fi rinjaye a zatona shi ne ba a cuce ka ba, na'urar ma ba ta lalace ba. Tana yin aikin da aka ƙera ta domin shi, aikin ne mai tsada. Duk da haka akwai abubuwa biyu ko uku da nake so ka duba da idonka kafin ka yarda da maganata ko ta mai gidan, zan zo kansu. Bari mu fara da lissafi, don idan ka gane shi ba wanda zai sake ruɗa ka.

Ka tuna hitar nan da ake tsomawa a bokiti a gida idan hunturu ya shigo, a ɗumama ruwan wanka? Babbar hitar gidanka, wadda Amurkawa ke kira fanes, 'yar'uwarta ce, girma kawai ta fi ta. A cikin akwatin ƙarfen akwai wayoyi a nannaɗe, wuta ta bi ta cikinsu su yi ja, fanka ta hura iska ta kansu, iskar ta bi bututu ta shiga ɗakuna. Shi ke nan. Kowane layin waya yawanci kilowat 5 yake ci, ana jera biyu ko uku ko huɗu, shi ya sa za ka ji ana cewa hita mai kilowat 10, ko 15, ko 20. Hitar bokiti ba ta cika wuce kilowat ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Wato idan taka mai 15 ce, duk lokacin da ka ji ta tashi, kamar ka jona hitar bokiti goma ko fiye ne a lokaci guda.

Kilowat-awa da ka gani a takarda shi ne yunit ɗin da ake saya a mita a gida, babu bambanci: abin da ke cin kilowat ɗaya, idan ya yi awa ɗaya yana aiki, ya sha yunit ɗaya. Raba dala 490 da 3,500, za ka ga yunit ɗaya ya tsaya maka a kan sent 14, har da haraji da sauran kuɗaɗen da ake ɗorawa. Wannan farashi bai kai matsakaicin ƙasar ba ma, wanda ya kai wajen sent 16 a 2023. To a Oktoba, dala 120 a wannan farashi tana nufin wajen yunit 850. Wannan shi ne abin da gidanka ke ci ba tare da ɗumi ba: firij, girki, tankin ruwan zafi, injin wanki da na busar da kaya, fitilu. Cire 850 daga 3,500, saura 2,650. Wannan ragowar, kusan dala 370, ita ce kuɗin ɗumin, sai ɗan abin da tankin ruwan zafi ya ƙara saboda ruwan famfo yana shigowa da sanyi sosai a wannan lokaci.

Yanzu a juya lissafin. Hita mai kilowat 15, idan aka tara duk mintocin da take tashi a yini da dare suka kai awa shida, ta sha yunit 90 a rana. Sau kwana talatin, 2,700. Ka ga ya faɗa kusan daidai kan 2,650 ɗin da muka lissafa. Awa shida cikin ashirin da huɗu kuwa ba wani abin mamaki ba ne a Janairun Girinsboro, inda da rana ake kaiwa wajen 49 a ma'aunin Farenhait, da dare a sauka wajen 30, ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Shi ya sa na ce ban ga alamar ha'inci a takardar ba. Ka dai duba adadin kwanakin da ta ƙunsa, don wani lokaci takardar Janairu takan ɗauki kwana 33 ko 34, sai ta ƙara kumbura.

Akwai wata magana da masu sayar da kaya ke yi wadda ke rikita mutane, cewa hitar lantarki ingancinta ɗari bisa ɗari ne. Gaskiya ce, amma ba abin murna ba ne. Ma'anarta kawai duk yunit ɗin da ya shiga ya zama zafi, ba abin da ya bi hayaƙi ya fita. Yunit ɗaya yana ba da zafi BTU 3,412 (BTU ma'aunin yawan zafi ne), ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ko hitar jiya aka ƙera ta ko shekara talatin da suka wuce. Saboda haka kada wani ya ce maka a sauya tsohuwa da sabuwa irinta kuɗin wuta zai sauka. Ba zai sauka ba. Haka nan ƙarama ba ta fi babba sauƙi ba: mai kilowat 10 za ta yi awa tara tana aikin da mai 15 ta yi cikin awa shida, a ƙarshen wata takarda ɗaya za su kawo. Tsadar daga asali take. Yawancin wutar ƙasar nan ana samar da ita ne ta hanyar ƙona gas ko kwal, fiye da rabin zafin yana ɓacewa tun a tasha da kan wayoyi, sai abin da ya rage ya iso gidanka kai kuma ka sake mayar da shi zafi. Kana biyan kuɗin abin da ya iso da wanda ya ɓace a hanya.

Don ka ga tazarar: zafi BTU miliyan ɗaya, idan da irin hitarka za a samar da shi, yunit 293 ne, wato dala 41 a farashinka. Idan da hitar gas ce mai kyau, wadda ke amfani da kashi 95 cikin ɗari na gas ɗin, kuma a ce ana sayar da ma'aunin gas da ake kira tam, mai BTU 100,000, a kan dala ɗaya da rabi, wajen dala 16 za a kashe. Zafi iri ɗaya, ɗumi iri ɗaya a jiki. Akwai wuraren da ɗumama gida da waya mai zafi yake da ma'ana, kamar lardin Kebek a Kanada, inda madatsun ruwa suka sa wuta ta yi araha har yawancin gidaje da lantarki suke ɗumi duk da tsananin sanyinsu. A nan kuwa abin da ya sa masu gidajen haya ke son ta shi ne tana da arahar saye da girkawa, ba ta cika lalacewa ba, ba ta buƙatar bututun gas ko na hayaƙi. Sauƙin yana wajen mai gida, nauyin yana wajen wanda sunansa ke kan mita. Ina faɗin haka ne don ka san matsayinka, ba don in haɗa ka faɗa da kowa ba.

To tunda na'urar ba ta da wani maɓallin rage ci, ina kuɗin zai ragu? Ka ɗauki gidanka a matsayin tulu mai yoyo. Hita ba ta yin komai sai mayar da abin da ya tsiyaye. Yawan tsiyayar kuma abu biyu ne ke kawo shi: girman ramukan, da tazarar da ke tsakanin zafin ciki da sanyin waje. Wannan na biyun yana hannunka yau ɗin nan, kuma a nan nake so mu daɗe.

Matsakaicin Janairu a garinku wajen 40 ne. Kai kana riƙe da ciki a 76, tazara 36 ke nan. Idan ka sauko 68, tazarar ta koma 28. Zafin da ke fita yana bin wannan tazara ne kai tsaye, don haka 28 a kan 36, ka rage fiye da kashi ɗaya cikin biyar. A kan dala 370, wajen dala 80 ce ta dawo aljihunka a wata ɗaya, kuma a zahiri takan ɗan fi haka, saboda girki da jikin mutane da hasken rana suna ba da nasu ɗumin kyauta, hita cikon abin da ya rage kawai take yi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka 68 take ba da shawara idan ana gida a farke, wato 20 a ma'aunin Selsiyas, ta kuma ce wanda ya rage digiri 7 zuwa 10 na tsawon awa takwas kullum zai iya rage har kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ɗumi da sanyaya gida a shekara.

Na san abin da za ka ce, kuma ban raina shi ba. Yaron da ya tashi a Maraɗi, inda watan Afrilu ke wuce 40 a Selsiyas, idan aka sa shi a ɗaki mai 20 zai yi rawar ɗari da gaske. Uwargida ma haka, kuma ita ce ke yini a gidan. Kada ka sauke daga 76 zuwa 68 dare ɗaya, gidan zai hargitse, washegari a mayar da shi 78. Ka riƙa rage digiri ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu. Jiki yana sabawa fiye da yadda ake zato. Babban abin da ke hana mutanenmu sabawa shi ne sutura: muna so mu zauna cikin gida da 'yar shara da ƙafa a sake kamar muna tsakar gida a Katsina, alhali su 'yan ƙasar da rigar sanyi da safa suke yini a falonsu. Ka saya wa kowa dogon wando da riga na ciki masu kama jiki, da safa mai kauri, da bargo na kirki. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai rarar wata biyu ba. Iyaka dai akwai ta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ɗakin zama ya sauka ƙasa da 18 a Selsiyas, wajen 64 ke nan a Farenhait, kuma idan akwai jariri ko tsoho ko mara lafiya a gidan a ɗaga sama da haka. Idan kuna da jinjiri, ku tsaya a 68 zuwa 70 dare da rana, kada a yi tsimi da lafiyarsa.

Abu biyu da ake yawan faɗa, duka ba haka suke ba. Na farko, wai idan ka rage da dare, hita za ta sha wutar da ta fi wadda ka adana wajen sake ɗumama gidan da safe. Ga irin taka ba gaskiya ba ne. Duk awar da gidan ya yi a ƙasa-ƙasa, tsiyayar ta ragu, kuma abin da bai fita ba ba sai an mayar da shi ba. Na biyu, wai idan ka shigo da sanyi ka murɗa zuwa 85 gidan zai fi saurin ɗumi. Wayoyin ƙarfinsu ɗaya ne ko a nawa ka sa, abin da zai faru kawai shi ne ka manta, ta wuce inda kake so tana ta ci. Idan za ku yi tafiya kuma kada ku kashe ta ɗungum, ku bar ta a 55, don bututun ruwa idan ya daskare ya fashe ɓarnar ta fi kuɗin wutar nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abubuwan da na ce ka duba. Na farkonsu ya fi sauran muhimmanci, don idan ya tabbata, duk lissafin da ke sama ya sauya. Je ka tsaya gaban tamostat. Idan ka ga inda aka rubuta EM HEAT, wato ɗumin gaggawa, ko kalmar AUX, wato ɗumin taimako, tana bayyana a fuskarsa, to wataƙila abin da ke gidanka ba hitar waya zalla ba ce, famfon zafi ne. Gidaje da yawa a jihar nan shi gare su, kuma masu haya ba su sani ba, wani lokaci har mai gidan. Famfon zafi na'urar sanyaya ɗaki ce da ke iya juya aikinta: da bazara ta kwashe zafin ciki ta zubar waje, da hunturu ta tsamo zafi daga iskar waje ta shigo da shi. Ko iskar da muke ji da sanyi tana ɗauke da zafin da za a iya tatsa. Da yake ɗauko zafin take yi, ba ƙirƙirarsa ba, yunit ɗaya yakan kawo zafin yunit biyu zuwa uku, har fiye idan sanyin bai tsananta ba. Amma a cikinta akwai wayoyin nan masu zafi a matsayin 'yan ko-ta-kwana. Idan wani ya tura maɓallin zuwa EM HEAT, an kashe famfon ke nan an bar wayoyin su kaɗai, gidan yana ɗumi lafiya, ba wanda zai lura sai takarda ta zo. Na taɓa zuwa gidan wani ɗan'uwa da ya yi wata biyu a haka, saboda ya ga kalmar ya zaci ita ce ke ba da zafi mai ƙarfi. Da yatsa ɗaya aka gyara.

Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. Sa maɓallin a HEAT, ɗaga digiri ɗaya sama da zafin ɗakin, jira minti biyar, ka fita bayan gida inda akwatin nan mai fanka yake. Idan yana juyawa a cikin sanyi, famfon zafi ne. Idan shiru yake kuma babu EM HEAT a tamostat, to na sanyi ne kawai, ɗuminka daga waya yake. Idan kuwa akwai EM HEAT a rubuce, kana kan HEAT, amma na wajen bai motsa ba, to famfon ya lalace kuma wayoyin ne ke ɗauke da gidan. Wannan gyara ne da ya hau kan mai gida. Dokar haya ta jihar nan ta ɗora masa kula da na'urar ɗumin da ya ba ka gidan da ita, amma ka sanar da shi a rubuce, ka ajiye kwafi. Kalmar "lafiyarta ƙalau" a bakinsa tana iya nufin iska mai ɗumi tana fitowa kawai, bai san daga ina take fitowa ba. Wanda ke da famfon zafi kuma shawarar rage digiri da yawa da dare ba ta yi masa daidai ba, don idan ya ɗaga fiye da digiri biyu a tashi ɗaya, yawancin tamostat sukan kira wayoyin su taimaka.

Na biyu, maɓallin fanka. Yana da ON da AUTO. A bar shi a AUTO. Fankar tsofaffin na'urori takan ci wajen wat 500, idan tana juyawa dare da rana yunit 360 ke nan a wata, dala 50 a farashinka, kuma tana ta tura iskar gidan cikin bututun da ke bi ta wuri mai sanyi.

Na uku, bututun kansu. Gidaje da yawa a yankinku an ɗaga su ne a kan wani rami na ƙarƙashi, bututun iska ta nan suke bi ko ta saman silin. Shirin Energy Star na gwamnati ya ƙiyasta cewa a gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututu tana zurarewa ta haɗin da ya saki da ramuka. Na sha leƙa ƙarƙashin gida in tarar da bututu guda ya ɓalle gaba ɗaya, yana hura iska mai zafi a kan ƙasa, ɗakin da yake kaiwa kuma kamar firij. Ka bi ɗaki-ɗaki hita na aiki, ka sa hannu a kan kowace mafitar iska. Wadda ba ta busowa ko take busowa da ƙyar, ka faɗa wa mai gida a turo a duba. Ka kuma zaro matatar iska ka ɗaga ta ga haske; idan ba ka ganin haske ta cikinta, saya sabuwa, girman yana rubuce a gefenta. Kada ka rufe mafitar ɗakuna da yawa da nufin tsimi, ɗaya ba laifi, amma idan suka yi yawa iskar ta rasa hanya, wayoyin su yi zafi fiye da kima, bututun kuma su ƙara yoyo.

Akwai wata lalacewa da takan faru a hitar waya, ko da yake ba kullum ba. Wani ɗan ƙarfe da muke kira sikwensa shi ke kunna layukan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma kashe su. Idan ya maƙale, layi guda yakan ci gaba da cin wuta bayan tamostat ya ce a tsaya. Gwajinsa: kashe tamostat ɗungum, jira minti goma, ka taɓa jikin akwatin daga waje. Idan har yanzu yana da zafi sosai, ko kana jin ƙaurin ƙuna, kashe birekarta a allon wuta ka kira mai gyara. Kada ka buɗe murfin da kanka. Bolt 240 ne a ciki, kuma sau da yawa bireka biyu ke ba ta wuta, ka kashe ɗaya ka zaci ka gama.

Sai ramukan tulun. Da dare idan iska na kaɗawa, bi ƙofofi da tagogi da bayan hannunka a jiƙe, za ka ji inda sanyi ke shigowa. Robar liƙe gefen ƙofa, da abin tare ƙasan ƙofa, da ledar nan mai haske da ake manna wa taga daga ciki a busa mata na'urar busar da gashi ta miƙe, duka ana samunsu a shagunan kayan gini da kuɗi kaɗan, kuma ba sa ɓata gidan haya. Labule mai kauri a buɗe shi da rana a ɓangaren da rana ke shigowa, a rufe da magariba.

Na zo kan shawarar da aka ba ka ta ƙananan hitoci, kuma ina roƙonka ka karanta wannan da natsuwa. Ta fuskar kuɗi, ƙaramar hita ita ma waya ce mai zafi. Kusan dukkansu wat 1,500 ne a ƙarshen ƙarfinsu, da mai mai a ciki, da mai jan haske, da mai kama da akwatin katako da ake tallatawa da tsada, yunit ɗaya zafi ɗaya suke bayarwa. Guda ɗaya na awa takwas yunit 12 ne, wajen dala 50 a wata. Uku a ɗaki uku dala 150, da dare kawai, falo da kicin da banɗaki suna cikin sanyi. Tana rage kuɗi ne a hali ɗaya tak: kowa ya taru a ɗaki guda, an sauke babbar zuwa 62 ko 64, ana ɗumama wurin da ake zaune kaɗai.

Ta fuskar rai kuwa, mu 'yan Afirka ta Yamma mun riga mun biya farashi mai ɗaci. A watan Maris na 2007, gobara a unguwar Buronks ta birnin Niyok ta kashe mutum goma daga iyalan 'yan Mali, tara daga cikinsu yara, kuma daga wayar ƙaramar hita ta tashi. Ranar 9 ga Janairun 2022, a Buronks ɗin dai, wata ƙaramar hita da aka bari tana aiki ta kama da wuta a wani dogon bene, mutum 17 suka rasu, takwas yara, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Allah ya jiƙansu. Idan dole sai ka yi amfani da ita, a jona ta a soket na bango kai tsaye, ba a kan doguwar waya ko abin jona kaya da yawa ba, ita kaɗai a soket ɗin. A bar tazarar taku uku, wajen mita ɗaya, tsakaninta da katifa, labule, darduma mai gashi da kayan sawa. A sayi wadda ke mutuwa da kanta idan ta faɗi. Kada a shanya mata kayan yara. Kada a yi barci a bar ta a ɗakin yara. A tabbatar ƙararrawar hayaƙi tana aiki a kowane ɗakin kwana.

Ɗaya kuma da ban yarda a yi sassauci a kansa ba: kaskon wuta. A gida mun saba, hunturu ya yi tsanani a zuba garwashi a kasko a shigar ɗaki, kuma ko a can yana kashe mutane idan aka rufe ƙofa da taga. Gidajen nan a toshe suke fiye da namu nesa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana jin ciwon kai da kasala ya kwanta, shi ke nan. Lokacin guguwar sanyin da ta faɗa wa Teksas a Fabrairun 2021, da wuta ta ɗauke kwanaki, ɗaruruwan mutane aka kai asibiti saboda wannan iska, daga gawayi da janareto da motar da aka tayar a gareji, wasu ba su tashi ba. Nan jiharmu ma a jajibirin Kirsimeti na 2022 sanyi ya yi tsananin da aka riƙa ɗauke wuta unguwa-unguwa. Idan irin haka ta same ku, ku taru a ɗaki ɗaya da barguna, ko ku tafi gidan ɗan'uwa ko wurin fakewa da hukuma ta buɗe. Ka gaya wa uwargida wannan da bakinka, don ita ce za ta tuna da kasko idan kana wurin aiki yara suna kuka. Garwashin turaren wuta ma a taƙaita shi, ƙwaya ɗaya, na ɗan lokaci, taga a buɗe.

Game da biyan takardar da ke hannunka, kira kamfanin wutar kafin ranar biya ta wuce, ka nemi a raba maka ita kashi-kashi. Sun fi sauraron wanda ya kira da wuri. Ka tambaye su tsarin biyan bai-ɗaya, inda ake raba kuɗin shekara gida goma sha biyu. Ba ya rage ko sisi, amma yana hana Janairu ta zo maka a dunƙule. Akwai kuma tallafin gwamnatin tarayya na kuɗin ɗumi ga masu ƙaramin ƙarfi, LIHEAP, wanda aka kafa a 1981. A jihar nan ta ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku ake nema, yawanci daga Janairu zuwa ƙarshen Maris ko kuɗin ya ƙare, kuma ana duba abin da iyali ke samu da irin takardun zamansu. Akwai shirin toshe kafofin da sanyi ke shiga gidaje kyauta ma, wanda masu haya ke iya shiga idan mai gida ya sa hannu. Kira lamba 211, za su nuna maka inda za ka.

Idan ka haɗa saukowa zuwa 68 ko 69, da fanka a AUTO, da toshe ƙofofi da tagogi, ina sa ran wata mai sanyi irin wannan zai dawo wajen dala 370 zuwa 400 maimakon 490. Ba zan yi maka alkawarin ƙasa da haka ba muddin waya ce ke ɗumama gidan. Abin da ke karya kuɗin da gaske famfon zafi ne: yunit 2,650 ɗin nan, a famfon da ke ninka biyu da rabi, zai koma wajen 1,060, wato dala 150 a maimakon 370. Idan na'urar sanyin gidan ta tsufa, lokacin da mai gida zai sauya ta shi ne lokacin yi masa maganar, don bambancin kuɗin saye tsakanin na'urar sanyi zalla da famfon zafi ba shi da yawa, bututun kuma suna nan. Idan bai karɓa ba kuma haya ta ƙare kana neman wani gidan, tambayi irin na'urar ɗumin kafin ka tambayi girman falo, ka kuma kira kamfanin wuta da adireshin, da yawansu sukan faɗi matsakaicin abin da gidan ke ci a wata.

A yau dai, duba tamostat ɗin da akwatin waje, sannan ka buɗe ƙofar allon wuta ka karanta lambar da ke kan birekar hita ba tare da ka taɓa komai ba: 60 guda ɗaya yawanci kilowat 10 ne, 60 da 30 kilowat 15, 60 biyu kilowat 20. Rubuta lambar mita da ƙarfe goma na dare, ka sake rubutawa da shida na safe, dare uku a jere, kana sauke digiri ɗaya kowane dare. Turo mini waɗannan lambobin tare da abin da ka gani a bayan gida, in faɗa maka ko akwai abin da za a kai wa mai gidan a rubuce.